Gudumar Bahago a Ɗaki na Uku

A gidan tarihin da ke bayan babbar tashar mota akwai wani mutum da ya shekara talatin da ɗaya yana tsaye a ɗaki na uku. Tsaye ɗin ba salon magana ba ne, domin kujerar da aka ba shi ranar da ya kama aiki ƙafa uku gare ta, kuma bai taɓa kai ƙararta ofis ba. Sunansa na yanka yana nan a takardar ɗaukar aiki, amma daga masu shara har darakta ba mai kiransa da shi. Kar-a-taɓa suke ce masa, saboda maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Ko ƙuda ya sauka a kan gilashi, abokan aikinsa sun ce sai ya ji leɓensa ya motsa.

Ɗaki na uku ɗakin sana'o'in hannu ne. Akwatunan gilashi shida ne a jere, da masaƙa guda a tsakiya an zagaye ta da igiya, da tukwane a kan katako, sai kayan ƙira a kusurwar da ta fi duhu: uwar maƙera, awartaki biyu, zuga-zugin da fatarsa ta bushe ta tsage, da guduma mai baƙar ƙota. A ƙarƙashin kowane abu an manna kati kamar tafin hannu, an buga shi da keken rubutu, ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa sun yi taro. Harshen da ke jikin katin kuwa harshen takarda ne, irin wanda ba a sayen gishiri da shi a kasuwa. Kar-a-taɓa ya haddace katunan nan kaf, kuma shi ke juya su zuwa maganar mutane in baƙo ya nema. Allah ya ba shi murya mai kauri, mai nutsuwa, wadda in ya ce tukunyar nan ta shekara ɗari sai ka ji kamar yana wurin aka gina ta.

Baƙin nasa galibi 'yan makaranta ne, ana koro su ta wannan ƙofa a fitar da su ta waccan. Manya ba su cika zuwa ba. In sun zo, sukan goya hannu a baya, su sunkuya kan kati su gyaɗa kai, su fice kafin shayi ya huce. Da yawa sukan laluba aljihu su ce ai sun baro tabarau a gida. Ya san ba tabarau ba ne, amma bai taɓa nuna ya sani ba, sai ya ce ai shi ma rubutun yana ba shi wuya, ya karanta musu. Mutum ne mai rufa wa jama'a asiri, wataƙila don shi ma yana da nasa. Gudumar da ke kusurwar nan ta mahaifinsa ce, kuma a gidan tarihin ba wanda ya sani.

Mahaifin nasa maƙeri ne, kuma bahago. Da hannunsa ya ƙera gudumar, da hannunsa ya sassaƙa ƙotar, ya yi shekara arba'in yana dukan ƙarfe da ita har babban yatsansa na hagu ya ci itacen ya yi masa gurbi. Uwarsu ta rasu Kar-a-taɓa yana shekara uku, don haka yayarsa ce ta goya shi. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, kuma su biyu ke nan a ɗakin. Ita ke zuga wa mahaifinsu wuta yana bayanta a ɗaure, ita ke dafawa, ita ke wanki, ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai an sa shi makaranta alhali ita ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Har yau da furfura ta cika masa gemu, Auta take ce masa, shi kuma Yaya.

Ƙaryar ta fara ne tun ranar da ya zo neman aiki. Su tara ne a kan benci suna jira, ya kasa kunne ya ji wannan ɗan akawu ne, wancan ɗan malamin makaranta ne, shi kuwa rigar da ke jikinsa ko an wanke ta sai ta yi ƙaurin gawayi. Daraktan wancan zamanin mutum ne mai kallon mutane ta saman tabarau. Da ya tambaye shi sana'ar mahaifinsa, sai ya ji bakinsa ya ce ɗan kasuwa ne. Ba wanda ya tilasta shi, kuma da ya faɗi gaskiya ba lallai a hana shi aikin ba. Kunya ce kawai irin ta saurayi mai shekara ashirin da uku, wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Aka ɗauke shi, ya koma gida aka yi murna.

Wata takwas bayan nan mahaifinsu ya rasu. Ba a yi sati biyu ba wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da buhunsa da ma'auninsa yana taya kayan maƙerar, Yaya ta bi shi da tsintsiya har bakin titi. A daidai lokacin kuma gidan tarihi yana neman kayan da zai cika ɗaki na uku. Auta ya ga hanyar da zai shiga ran darakta, ya yi ta lallashin Yaya, yana ce mata a gida tsatsa za ta cinye su, a can kuwa za a sa su cikin gilashi, manyan mutane su zo su gani. Ta yi kwana uku tana juya maganar a ranta. A na huɗu ta naɗe kayan cikin tsohon zanenta, ta ce ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: a rubuta sunan Baba a jikinsu, kowa ya zo ya san akwai wanda ya yi gumi a kansu. Ya ce wannan ai shi ne mafi sauƙi.

Da ya sauke kayan a ofis, mai rajista ya buɗe babban littafin da ake shigar da asalin kowane abu, ya tsoma alƙalami, ya tambaye shi ina ya samo su. Darakta yana tsaye a kansa yana jujjuya gudumar. Ɗan ɗan kasuwa ina ya ga kayan ƙira a gidansu? Sai ya ce a wurin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya gan su. Darakta ya yaba masa, ya ce yaron nan yana da ido. Mai rajista ya rubuta, ya busa tawadar, ya rufe littafi. Bayan kwana goma kati ya fito daga keken rubutu, yana cewa ba a san maƙerin ba.

Sau ɗaya Yaya ta zo, a shekarar da aka buɗe ɗakin. Ta sha sabon zane, ta tsaya gaban gilashin ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya nuna mata wurin da sunan yake. Ya ɗora yatsa a kan gilashi daidai layi na biyu, ya karanta mata sunan mahaifinsu da na kakansu, a hankali, da muryar nan tasa mai sa a yarda. Ta sa nata yatsan kusa da nasa. Ranar ce kaɗai wani ya taɓa gilashi a ɗaki na uku Auta bai ce kar a taɓa ba. Ta ce ashe haka sunan Baba yake a rubuce, dogo ne. Ta share ido da gefen mayafi suka fito.

Tun daga ranar, duk hutun mako yakan je gaishe ta, kuma kafin ya gama cire takalmi sai ta jefo masa tambayarta: "Auta, ka goge wa Baba ƙura?" Yakan ce ya goge, kuma wannan kam gaskiya ce, domin akwatin nan ya fi kowanne ƙyalli a gidan. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa surukai, ta gaya wa mai kawo mata ruwa cewa sunan mahaifinta yana rubuce a gidan tarihi. Ba wanda ya taɓa zuwa dubawa, don wa zai bar sabgarsa ya tafi karanta tururuwa? Sau da yawa ya yi niyyar gyarawa. Da tsohon darakta ya yi ritaya ya ce yanzu ne, sai ya ga sabon bai saba da shi ba tukuna. Da suka saba kuma sai ya ga abin ya yi nisa, da wane baki zai fara. Daraktoci huɗu suka wuce a haka. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nasa ya yi shekara talatin bai ga ƙarshensa ba, har ya fara zaton nasa daban ne.

Sai aka kawo sabuwar jami'a mai kula da baƙi. Mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ga ta da tef ɗin awo a rataye a wuya kamar tela, don haka kafin azahar ta sami suna, Mai Tef. Sati biyu ta yi ba ta taɓa komai ba. Takan zauna a kusurwa da agogo a hannu tana kallon manyan da suka shigo, tana rubuta inda suka tsaya da inda suka wuce. Ta ari keken guragu daga asibiti ta zauna a ciki ta ce a tura ta, ta gano daga nan ba a ganin komai sai ƙasan katako da gizo-gizo. Ta shafa man shafawa a gilashin wani tsohon tabarau ta sa don ta gani kamar mai raunin ido, ta zaga ɗakunan tana karo da igiya. Masu gadi suka yi ta ƙunshe dariya, suna cewa an kawo musu mai taɓin hankali da takardar digiri.

A taron ma'aikata ta faɗi abin da ta gani, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce babba ba yaro ba ne, ba ya son a tsayar da shi a yi masa darasi, kuma ya gwammace ya fita da ya nuna bai iya karatu ba. Ta ce gwiwar mai shekara sittin ba ta jure tsayuwa, amma duk gidan ba benci ko ɗaya. Ta ce rabin manyan da ke shigowa ɗaki na uku sun fi katunan sanin kayan da ke ciki, don da irinsu iyayensu suka ci abinci, amma an rufe musu baki da gilashi. Kar-a-taɓa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ya ji haushinta ƙwarai, kuma babban abin haushin shi ne duk abin da ta faɗa ya riga ta sani.

Aiki ya kankama. Aka fasa matakalar ƙofa aka yi gangara, aka kawo bencina masu majingina, aka ƙara fitilu, aka sauko da katuna daidai idon wanda ke zaune. Aka sake rubuta su da manyan baƙaƙe, jimla huɗu ko biyar, cikin harshen da ake ciniki da shi. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne teburin da ta sa aka kafa a tsakiyar ɗakinsa, wanda za a ɗora kayan da ba sa fashewa, kowa ya ɗauka ya juya. Abokan aiki suka ce to, Kar-a-taɓa, sai a sake maka suna. Cikin kayan da ta zaɓa har da gudumar, aka ɗaure ta da siririyar sarƙa. Ta tambaye shi ko ya san yadda ake riƙe ta, ya ce ina shi ina sanin ƙira. Ta kwantar da ita ƙotar tana fuskantar hannun dama. Ya ga kuskuren, ya haɗiye.

A gefen kowane abu kuma aka sa maɓalli babba kamar murfin kwalba, wanda in an danna murya za ta karanta katin, saboda makafi da masu baro tabarau a gida. Da aka zo neman murya ba a yi gardama ba, kowa ya nuna shi. Mutanen kamfanin da ke haɗa na'urar suka zaunar da shi a ɗakin ajiya, suka toshe taga da barguna, suka kafa masa abin magana a gaba. Ya karanta kati hamsin da biyu ba tuntuɓe. Da ya zo kan na gudumar sai tari ya sarƙe shi. Aka ba shi ruwa, aka ce a sake. Ya kalli takardar, ya kalli mutanen da ke jiransa suna duba agogo, ya karanta yadda aka rubuta. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Ya lallashi kansa da cewa Yaya ta tsufa, ba ta zuwa ko'ina sai asibiti.

Asibitin ne kuwa ya kawo ta. Shekara uku ke nan idonta yana dushewa, likita ya ce jijiya ce, ba yanar ido ba ce da za a cire. Yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Mai Tef kuma, cikin himmarta, ta aika takardar gayyata zuwa sashen ido, cewa ranar sake buɗe ɗakin za a turo mota ta kwashi duk mai so. Da ya je gaisuwa a hutun makon nan, bai ko zauna ba Yaya ta tare shi da fara'ar da ya daɗe bai gani a fuskarta ba. Ta ce ma'aikaciyar jinya ta gaya musu yanzu kayan gidan tarihi suna magana, kuma ana taɓawa. Ta ce ta sa an rubuta sunanta na farko a jerin masu zuwa.

"Wancan karon da ido na gani ban iya karantawa ba," ta ce. "Wannan karon ba ido, amma zan ji da kunnena. Ka ga Allah bai rufe ƙofa duka ba."

Ya ce haka ne, Yaya. Ya ture abincin da ta sa aka kawo masa gefe. Ya gwada ce mata za a yi cunkoso, ta ce ta saba da layin asibiti. Ya ce motar ba ta da daɗi, ta ce ba aure za ta yi da motar ba.

Kwana tara suka rage. Sau uku yana zuwa ofishin Mai Tef da maganar a bakinsa. Na farko ya tarar tana waya, ya tsaya ya tsaya, da ta ajiye ta tambaye shi, sai ya ce rufin ɗaki na uku yana yoyo ta gabas. Na biyu ya zauna har ya ce akwai wata magana game da gudumar nan, ta ɗago kai da sauri, idonta yana ƙyalli, sai ya ce sarƙar ta yi gajarta. Na uku bai ma shiga ba, ya juya daga bakin ƙofa. Ba tsoron kora yake ba, wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya. Abin da ya kasa shi ne ya tsaya gaban 'yar cikinsa ya ce shi, mai furfura, ya yi kunyar ubansa. Ya rame a kwanakin nan har matarsa ta fara jiƙa masa magani.

Ranar buɗewa ya riga kowa zuwa. Ya durƙusa ƙarƙashin teburin, ya bi wayoyin da yatsa har ya gano ta gudumar, ya zare ta, ya tura bayan katako. Dabarar da ya iya ke nan bayan kwana tara yana tunani. Ya ce a ransa in ta danna ba ta ji komai ba, sai ya ce na'ura ce ta lalace, ya karanta mata da baki kamar wancan karon, a rabu lafiya.

Da hantsi motar asibiti ta iso da mutum goma sha huɗu. Yaya tana gaba, ta sa zanen da take ajiyewa don manyan ranaku. Ya tare ta a gangara, ta kama gwiwar hannunsa, tana gaya wa matar da ke bayanta cewa wannan ƙanenta ne, shi ke riƙe da ɗakin. Ba ta tsaya kan tukwane ba, ba ta tsaya kan masaƙa ba, ta ce ya kai ta wurin Baba. Ya ɗora hannunta na dama a kan ƙotar. Ta shafa sau ɗaya, ta yi tsaki, ta juya gudumar ta koma da ita hannun hagu, babban yatsanta ya faɗa cikin gurbin kamar an auna. Ta ce wa ya kwantar da ita haka, ai mai ita bahago ne. Mai Tef, wadda ke tsaye kusa da littafinta, ta matso ta tambaye ta ko ta san mai gudumar.

"Ai an rubuta, 'yata," in ji Yaya. "Ina abin dannawar?"

Ta lalubo maɓallin ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ya buɗe baki zai ce abin da ya shirya, amma Mai Tef ta riga shi. Ta ba da haƙuri, ta ce jiya da yamma ta gwada su duka, ta ajiye littafinta, ta durƙusa da kayanta masu kyau ta shige ƙarƙashin teburin. Ta ɗan jima tana lalube. Lokacin ya isa mutum ya sha ruwa ya ajiye kofi, ya isa ya ce Yaya, tsaya, akwai abin da ban gaya miki ba. Shi kuwa ya ƙare lokacin yana kallon tafin takalmin Mai Tef. Ta fito tana kakkaɓe gwiwa, ta ce waya ce ta zare. Ta kama hannun Yaya da ladabi ta ɗora a kan maɓallin.

Muryarsa ta fito, mai kauri, mai nutsuwa, ta cika ɗakin. "Wannan gudumar ƙira ce. Ɗauke ta ka ji nauyinta. Da hannu aka ƙera ta, fiye da shekara sittin da suka wuce. Ba a san maƙerin da ya yi aiki da ita ba. An samo ta a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa."

Yaya ba ta motsa ba. Ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, ta sake dannawa, ta saurara har ƙarshe.

"Auta, muryarka ce?"

"Tawa ce, Yaya."

"Wurin da ka ɗora mini yatsa, me aka rubuta?"

"Abin da kika ji."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ni na kori mai sayen ƙarafan nan da tsintsiya. Ashe ta bayan gida ya dawo."

Sannan ta saki hannunsa, ta juya wajen da take jin mutane, gudumar tana hannunta na hagu iyakar tsawon sarƙar. Ta faɗi sunan mahaifinsu da na kakansu. Ta gaya musu yadda yake tsayawa a karkace saboda bahagonci, yadda yake gane zafin ƙarfe da launinsa, yadda ƙotar nan ita ce ta biyu don ta farko ta karye a shekarar da aka haifi Auta. Wani tsoho ya ce a miƙo masa ya ji, ya ce kawunsa ma maƙeri ne, wata ta ce da irin fartanyar da ake bugawa da wannan ta yi noma. Gudumar ta yi ta zagaya hannuwa, ɗakin ya cika da surutu, mutane suka zauna a bencina ba mai niyyar tashi. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin manya sun daɗe haka a ɗaki na uku ba. Mai Tef tana ta rubutu, sau ɗaya ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. Da lokacin tafiya ya yi ya miƙa gwiwar hannunsa, Yaya ta kama kafaɗar ma'aikaciyar jinya suka fita.

Da la'asar ya je ofis, wannan karon bai yi maganar rufi ba. Mai Tef ta saurara har ya gama, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ɗauko farin kati ta rubuta sunan da hannunta da manyan baƙaƙe, ta je ta manna a kan tsohon. Amma ta gaya masa gaskiya: littafin rajista ba ya gyaruwa sai kwamiti ya zauna ya ji shaidu, muryar kuma tana cikin na'urar da sai mutanen kamfanin sun dawo za a iya sakewa, su kuwa ba sa dawowa sai kwamiti ya sa hannu. Ta ce za ta iya kashe maɓallin kafin nan. Ya ce a bar shi, masu zuwa ba ido suna bukatar jin sauran bayanin, shi zai tsaya a wurin. Ta aika wa Yaya ko za ta yarda a ɗauki muryarta in lokacin ya yi. Amsar da ta dawo gajera ce: wanda ya ɓata shi zai gyara.

Yanzu ya bar bakin ƙofa, ya koma gefen teburin da tsayuwa. Manya sun fara zuwa, wasu har da ƙannensu da iyayensu, kuma kowa sai ya danna. A rana yakan ji kansa sau talatin ko arba'in yana cewa ba a san maƙerin ba. Yakan jira muryar ta kai aya, sannan ya gyara tsayuwa ya ce an san shi, ya faɗi sunan, ya ce mahaifina ne, bahago ne, koma da ita ɗaya hannun ka ji. Wasu sukan yi dariya suna zaton cikin tsarin ne. Kwamiti ya ɗage zamansa sau biyu. Saura masa wata biyu da 'yan kwanaki, kuma abin da ke cin ransa shi ne ranar da wani zai danna maɓallin ba kowa a gefen teburin.

Bai fasa zuwa gaisuwa ba. Yaya tana amsawa, tana sa a kawo masa abinci, tana tambayar matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ba ta haƙuri, ta ce ta ji. Har yanzu yakan daɗe a bakin ƙofarta yana kwance igiyar takalmi, ya kwance ya sake ɗaurewa, ko za ta tambaye shi ƙura. Takan ce ya shigo mana, sauro yana bin ƙofar.